JARIDUN ƁOYE NA FARANSA, 1940-1944: YADDA INJIN RONIYO YA SHIGA YAƘI

   

A filin tarihi na wannan fitowa za mu yi nisa, har ƙasar Faransa, zamanin yaƙin Hitila. Amma abin da za mu yi magana a kansa ba baƙo ba ne gare ku. Injin roniyo ne, irin wanda ya buga takardar da ke hannunku, irin wanda muke juyawa in za mu fid da takardun jarrabawar yara. A makarantar horon malamai an koya mana sunan janar Degol, da kiran da ya yi daga rediyon Landan ran 18 ga Yuni 1940. An koya mana sunayen manyan fagagen yaƙi. Amma ba a tsaya mana a kan matan da suka buga keken rubutu cikin dare ba, ko samarin da suka ɗauki akwatin takardu zuwa tasha. Labarinsu ne muka kawo muku yau.

YADDA AKA RUFE BAKIN ƘASA

Ran 14 ga Yuni 1940 sojan Jamus suka shiga Paris. Ran 17 marshal Petan ya faɗa wa jama'a a rediyo cewa a bar faɗa. Ran 22 aka sa hannu. Aka raba ƙasar biyu: arewa da bakin teku na yamma a hannun Jamus, kudu a hannun gwamnatin Petan da ta zauna garin Vichy. Dattawanmu ba su manta da wannan zamani ba, don ƙasarmu ma ta bi Petan. Babban gwamna Boisson na Dakar bai juya ba sai watan Nuwamba 1942, alhali gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Degol tun watan Agusta 1940.

To, wanda ya ci ƙasa, abu na farko da yake kamawa shi ne bakinta. Manyan jaridun Paris, kamar Le Matin da Le Petit Parisien, suka ci gaba da fitowa, amma ba su faɗin komi sai abin da Jamus ta yarda. Rediyon Paris ma haka. Takardar buga jarida sai hukuma ta raba, wanda ba ya cikin biyayya ba ya samun ko falle. Tun ƙarshen 1940 aka hana sayar da injin roniyo da kayan aikinsa ga wanda ba shi da izini. Daga baya, ran 18 ga Disamba 1942, Jamus ta kafa doka cewa wanda ya buga ko ya raba takarda ba da izini ba, hukuncinsa aikin tilas ne, in laifin ya yi nauyi kuwa kisa.

Ku duba wannan da kyau. Sojan da ya ci Faransa cikin sati 6, ga tankoki ga jiragen sama, shi ne ya zauna yana kafa doka a kan inji ɗan ƙarami da ake juyawa da hannu. Ba banza ba.

INJIN DA KANSA

Ga waɗanda ba su taɓa ganin aikinsa ba, ga yadda yake. Akwai wata takarda mai kakin zuma a jiki, ana ce mata sitansil. A sa ta cikin keken rubutu, a cire ƙyallen tawada, don kowane baƙi ya huda kakin. In an yi kuskure, a shafa wani jan ruwa mai kama da jan farce, a jira ya bushe, a sake bugawa. In an gama, a naɗa sitansil a jikin gangar injin da ke ɗauke da tawada. Kowane juyi na hannu, tawada ta bi ta hudojin, falle guda ya fito. Sitansil guda yana ba da ɗaruruwa kafin ya yage.

Asalin dabarar tun ƙarni na 19 ne. Edison na Amurka ya yi rajistar irinta a 1876, Gestetner ya fid da nasa inji a Landan a 1881. Don aikin biro aka yi shi: lissafin kaya, sanarwa, takardun lekkol. Amma yana da hali uku da suka sa ya dace da mai ɓuya. Ba ya bukatar lantarki. Mutum biyu suna iya ɗaukarsa su sauya masa ɗaki. Kuma yaro ma yana koyon juya shi cikin yini guda.

Yana da aibi kuma. Yana da ƙara, maƙwabci yana ji. Tawada tana da wari, tana kama yatsu. Kowane keken rubutu kuma yana da alamarsa, wani baƙi mai karkata ko mai tsaguwa, ƴan sanda suna iya gane keken da ya buga takarda kamar yadda mai bin sawu yake gane raƙuminsa.

NA FARKO-FARKO

Waɗanda suka fara ba su jira umurnin kowa ba, yawancinsu ma ba su san juna ba. A garin Brive, wani dillalin kayan abinci mai suna Edmond Michelet ya buga takarda ya bi gidaje yana zurawa cikin akwatunan wasiƙa ran 17 ga Yuni 1940, wato kwana guda kafin kiran Degol. A Paris, wani ma'aikacin gwamnati, Jean Texcier, ya rubuta shawara 33 ga wanda aka mamaye ƙasarsa, yana jan kunnen mutane kada ladabin sojan Jamus ya ruɗe su. Mutane suka yi ta kwafewa da hannu suna miƙa wa na gaba.

A watan Oktoba 1940 Raymond Deiss, mai buga takardun kiɗa, ya fid da ƴar jarida mai suna Pantagruel. Ya kai lamba ta 16 kafin a kama shi. Aka kai shi Jamus, aka sare masa kai a garin Kolon a 1943.

Wanda ya fi taɓa zuciyarmu, mu malaman lekkol, shi ne Raymond Burgard, malami a lise Buffon ta Paris. Shi da abokansa ba su da ko roniyo. Da kayan wasan yara suka fara, irin baƙaƙen roba da yaro yake jerawa ya danna a takarda. Da haka suka fid da lamba ta farko ta jaridar Valmy a watan Janairu 1941, guda 50 kacal. Sunan kuwa na wani fagen yaƙi ne inda Faransa ta kori sojan Purusiya a 1792, kowa ya gane inda aka nufa. An kama Burgard a watan Afrilu 1942. Ɗalibansa suka yi zanga-zanga don a sake shi. Biyar daga cikin ɗaliban wannan lise da suka shiga gwagwarmaya, an harbe su ran 8 ga Fabrairu 1943. Shi kansa an sare masa kai a Kolon a watan Yuni 1944.

Guda 50. Wani zai ce mi guda 50 za su yi cikin ƙasa mai mutum wajen miliyan 40? Ku riƙe tambayar, za mu komo kanta.

MUTANEN GIDAN TARIHI

A Paris akwai wani gidan tarihi da ake kira Musée de l'Homme, inda a wancan lokaci ake ajiye kayan al'adun mutanen duniya, har da na ƙasashenmu. Ma'aikatansa masu bincike ne, ba soja ba. Akwai Boris Vildé, masanin harsuna, haifaffen Rasha. Akwai Anatole Lewitsky, shi ma daga Rasha. Akwai Yvonne Oddon, mai kula da ɗakin littattafai. Gidan yana da injin roniyo a ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Suka haɗu da wasu marubuta, Jean Cassou da Claude Aveline da Marcel Abraham. Marubutan suka riƙa taruwa a wani gida, suna cewa ƙungiyar masu son adabi ce, ko da wani ya tambaya. Wata mata, Agnès Humbert, ita ke buga keken rubutu. Ran 15 ga Disamba 1940 jaridarsu ta fito, shafi 4, sunanta Résistance, wato tirjiya. Wannan kalma ita ce daga baya ta zama sunan dukan gwagwarmayar.

Ba su daɗe ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wani mutum da Vildé ya amince da shi ƙwarai, ashe ɗan rahoton Jamus ne. A watan Fabrairu 1941 aka kama Lewitsky da Yvonne Oddon. Vildé yana kudu a lokacin, inda hannun Jamus bai kai ba tukuna, amma ya komo Paris, aka kama shi a watan Maris. Jaridar ta tsaya a lamba ta 5.

Aka yi musu shari'a a gidan kaso na Fresnes a farkon 1942. Mutum 10 aka yanke wa hukuncin kisa. Mata uku aka sauya musu, aka kai su kaso a Jamus. Maza 7 aka harbe a tudun Mont-Valérien ran 23 ga Fabrairu 1942. A cikinsu akwai René Sénéchal, yaro ɗan shekara 19, wanda aikinsa ɗaukar saƙo ne. Agnès Humbert kuwa aka yanke mata shekara 5. Aka sa ta aikin tilas a wata masana'antar zare a Jamus, inda ruwan guba yake cin hannu da ido. Ta rayu, ta komo gida a 1945.

Lamba 5, shafi kaɗan-kaɗan, rai 7. Kun ji farashin.

JARIDA TA HAIFI ƘUNGIYA

A nan ne muke son ku lura da wani abu. Mu a saninmu, ƙungiya ake kafawa tukuna, sa'an nan ta fid da jaridarta. A Faransa ta wancan lokaci sau da yawa akasin haka aka yi. Manyan ƙungiyoyin tirjiya, Combat da Libération da Franc-Tireur da Défense de la France, kowace da sunan jaridarta aka san ta.

Dalili kuwa a fili yake. Jarida guda tana bukatar mai kawo labari, da mai rubutawa, da mai buga keken rubutu, da mai ba da ɗaki, da mai satar takarda daga biro, da mai ɗauka, da mai rabawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane ɗaya daga cikinsu, ranar da ya karɓi wannan ƙaramin aiki ya riga ya taka doka, ya riga ya shiga. Wanda ya raba jarida bana, baɗi shi ne zai ɓoye Bayahuden da ake nema, ko ya yi takardun shaida na jabu, ko ya ɗauki bindiga. Jarida ita ce ƙofar shiga.

Ku dubi Défense de la France. Ɗalibai ne suka kafa ta: Philippe Viannay, da Robert Salmon, da Hélène Mordkovitch. Wani attajiri mai masana'anta, Marcel Lebon, ya taimaka musu suka sami inji mai suna Rotaprint, wanda ya fi roniyo ƙarfi. Ina za a ɓoye shi? Hélène tana cikin masu gadin gobara na jami'ar Sorbonne, don haka makullin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa yana hannunta. Can suka riƙa bugawa da dare. Lamba ta farko ta fito a tsakiyar 1941. Ran 14 ga Yuli 1943 suka raba ta a fili cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris. Kwana 6 bayan haka aka yi musu tarko a wani kantin littattafai, aka kama da dama, har da Geneviève de Gaulle, ɗiyar ɗan uwan janar, wadda aka kai sansanin Ravensbrück. Jaridar ba ta tsaya ba. A watan Janairu 1944 ta kai guda 450.000, ba wata jaridar ɓoye da ta kai haka.

HANNUWAN DA BA A GANI

Takarda tana da nauyi. Wanda ya taɓa ɗaukar kwalin littattafan lekkol daga tasha ya sani. Samari da ƴan mata ne suke ɗaukar akwatuna cikin jirgin ƙasa. Dabararsu, a aje akwati a wani wuri, a zauna a wani wuri, in an zo bincike akwatin ba shi da mai shi. In ya isa gari, a rarraba shi ƙulli-ƙulli, wannan ya san wanda ya ba shi da wanda zai ba, bai san na uku ba. Ko an kama shi an azabtar, abin da zai iya faɗi kaɗan ne.

Da adadi ya yi yawa, roniyo ya kasa, sai aka koma ga maɗaba'a ta gaske. Masu maɗaba'a su ne suka fi shiga haɗari, don marubuci yana iya sauya suna ya sauya gari, amma inji mai nauyin tan ba ya gudu. A garin Liyon, wani saurayi injiniya, André Bollier, shi ke buga Combat da wasu jaridun, a wani gida da ya liƙa wa sunan ofishin bincike na ƙarya. Ran 17 ga Yuni 1944 aka kewaye gidan. Nan ya mutu yana da shekara 24. Berty Albrecht, matar da ta buga takardun farko na ƙungiyar Combat da hannunta, ta mutu a kaso na Fresnes a watan Mayu 1943. Duniya ta san Albert Camus, wanda ya shugabanci rubutun Combat a ƙarshen yaƙi, ya kuma ci kyautar Nobel a 1957. Waɗannan biyu kuwa, ƙalilan ne suka san su a wajen Faransa.

Har littafi an buga a ɓoye. Jean Bruller, mai zane, wanda ya ɓuya da sunan Vercors, shi da Pierre de Lescure suka kafa Éditions de Minuit, wato maɗaba'ar tsakar dare. Littafinsu na farko, Le Silence de la mer, labarin wani tsoho ne da ɗiyar ɗan uwansa da aka tilasta musu saukar da hafsan Jamus, suka ƙi ce masa uffan. An gama buga shi a watan Fabrairu 1942, guda wajen 350. Wanda ya buga, Claude Oudeville, ƙaramin mai maɗaba'a ne mai yin katin aure da na sanarwar rasuwa. Ya riƙa fid da shafuka kaɗan-kaɗan tsakanin ayyukansa. Wata mata, Yvonne Paraf, ta ɗinke su da allura a gidanta.

Wani lokaci ma har da ban dariya. Ran 31 ga Disamba 1943, a Liyon, ƴan tirjiya suka buga jabun jaridar Le Nouvelliste, mai goyon bayan Vichy, guda 25.000, kamarta ɗaya da ta gaske. Da asuba suka bi masu sayarwa da mota, suka ce hukuma ta hana bugun farko, ga sabo. Suka kwashe ta gaske suka bar tasu. Kafin a farga, gari ya karanta.

MI TAKARDA TA YI?

Mu komo kan tambayarmu. Gaskiya, ba takarda ta kori Jamus ba. Sojan Rasha da na Amurka da na Ingila ne, da sojan Degol, waɗanda ƴan Afirka masu yawa suke cikinsu. Kuma ba duk abin da jaridun ɓoye suka buga ne daidai ba, wani lokaci jita-jita ta shige, wani lokaci ƙungiyoyin suna sukar juna.

Amma ga abin da takarda ta yi. Mutumin da ke zaune cikin ɗakinsa a 1941, rediyo yana ce masa an gama, jarida tana ce masa an gama, maƙwabci yana tsoron magana, yana zaton shi kaɗai ne bai yarda ba. Ran nan ya iske falle guda a ƙarƙashin ƙofa, tawada ta yi dabbare-dabbare, wasu baƙaƙe ma ba su fito ba. Kafin ya karanta ya riga ya fahimci babban saƙon: akwai wasu. Wani ya rubuta, wani ya buga, wani ya tako har ƙofarsa. Shi ya sa guda 50 na Burgard ba su yi kaɗan ba, kuma shi ya sa Jamus ta sa musu hukuncin kisa.

Mun san wani dattijo zai ce: su da suke kukan an danne su, mu fa, wa ya danne mu a lokacin? Maganarsa gaskiya ce. Aikin tilas bai ƙare a ƙasashenmu ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Amma dabara ba ta da ƙabila. Bayan yaƙi, ƴan siyasa da ƴan sandika da ɗaliban Afirka sun juya wannan inji a kan mulkin mallaka kansa. A Rasha ta zamanin kwaminis, mutane sun yi irin wannan da keken rubutu da takardar karbon, suna kiransa samizdat, wato buga da kanka. Wata jaridarsu mai ba da labarin waɗanda aka ɗaure ta fara a 1968, ta yi shekara wajen 15 ana kama masu yin ta tana sake fitowa. Ko inda ba tsoro, kamar Amurka, samari masu son labaran ƙage na kimiyya sun riƙa buga ƴan jaridunsu da roniyo tun shekarun 1930, a 1940 suka raɗa musu suna fanzine. Ko'ina dalili guda ne: wanda babbar jarida ba ta da wuri dominsa, ya yi tasa.

Da aka ƴanta Paris a watan Agusta 1944, jaridun ɓoye suka fito fili. Défense de la France ta koma France-Soir a watan Nuwamba na shekarar. Combat ta rayu har 1974. Babban ɗakin littattafai na ƙasar Faransa ya tattara jaridun ɓoye iri sama da 1.000. Da yawa daga cikinsu falle guda ne ko biyu, na wani ƙauye ko wata masana'anta. An same su ne don wani ya ɓoye su cikin rufin ɗaki ko ƙarƙashin katifa, a lokacin da ajiye su kaɗai ya isa a ɗaure mutum.

Mu, alhamdu lillahi, ba mai harbinmu don mun buga takarda. Abin da ke cin namu gara ce, da ruwan damina, da mai ƙosai. Saboda haka in kun gama karanta wannan, ku karanta wa wanda bai iya ba, ku miƙa wa na kusa da ku, in ta zagayo ku sa ta cikin akwati. In kuma kun gamu da wanda ya buga ta a keken rubutu, ko wanda ya ɗauko ta daga tasha, ku yi masa sannu da aiki.

Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.